Wata shida da sababbin kayan aiki: wanne ya ci kuɗinsa, wanne ya ci kuɗina

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a. Tun bayan babbar sallah nake ta alƙawarin kawo muku rahoton kayan da na saya, yau dai Allah ya yi. Ga wanda bai san ni ba, manhajar makarantu da ta shaguna nake haɗawa a nan Kano, da Laravel da Flutter, kayan haɗa manhaja, nake cin abinci.

Na fara da laftof. Na sayi MacBook Air mai M1, na hannu, mai RAM 16, wato gig 16 na ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Na san wasu za su yi dariya su ce kayan da ya fito tun Nuwamban 2020 ne nake kira sabo, to a wajena sabo ne. Ba gudunsa ne ya fi burge ni ba. Abu biyu ne: batir da rashin fanka. Ina zama kansa tun bayan asuba, a ɗauke wuta, a yi azahar, a yi la'asar, ban ko waiwayi janareta ba. Tsohon laftof ɗina kuwa duk hunturu sai na kai shi an buɗe an kakkaɓe ƙura daga fankarsa, in ba haka ba ya yi ta gurnani kamar injin markaɗe. Wannan ba shi da inda zai zuƙi ƙurar ma.

Sai caja ƙarama irin ta GaN mai wat 100, da fawa bank mai cajin laftof. Waɗannan biyun sun biya kuɗin sabulu. Sai kibod mai ƙara da fitilu kala-kala, da agogon hannu mai kawo saƙon waya. Waɗannan biyun kuwa sha'awa ce ta ja ni. Kibod ɗin uwargida ta kafa masa doka, ba a taɓa shi bayan isha'i. Agogon yana cikin durowa, na gaji da ƙarin abin caji a gidan da wuta ma sai an yi addu'a.

Amma abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne mataimakin AI da na saka a editata, wato manhajar da nake rubuta kod a ciki, wanda nake biya wa dala 20 duk wata. Zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi yadda ya kusa zubar min da mutunci. Bari in sha ruwa tukun.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Bakano ya fitar da kuɗi ya sayi kayan Apple? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ko dai gado aka raba?

Baban Khalifa:
Bazazzagi ke nan, ba ka ji komai ba sai kuɗin. Bari ka fara zuba mana dogon Turanci.

Ɗan Zazzau:
Ba Turanci yau. Ni dai ina nan kan ThinkPad T480 ɗina na 2018, kuma ba na jin zan sake shi nan kusa. Yana da ramin RAM biyu, da hannuna na mai da shi 32. Batir biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, na wajen kana iya cire shi ka saka wani ba tare da ka kashe kwamfutar ba. In kibod ya mutu, akwai shi a kasuwa. Naka kuwa RAM ɗin a liƙe yake da allon, yadda ka saye shi haka za ku rabu. Ka ci sa'a ka samu mai 16, amma yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa masu 8 ne. Yaro ya tara kuɗin shekara ya saya, ya buɗe manhajoji masu cin RAM irin su Android Studio da Docker da Chrome lokaci guda, sai ido ya raina fata. Apple da kansu sai a ƙarshen 2024 suka mai da 16 mafi ƙaranci a MacBook Air.

Kuma maganar rashin fanka, ka jira watan Afrilu. Su da kansu sun rubuta cewa a yi aiki da shi tsakanin digiri 10 zuwa 35 ne. Kano tana wuce 40. Abin da ba shi da fanka idan ya ɗau zafi, rage gudu yake yi don ya tsira da ransa.

Baban Khalifa:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ranar da nake haɗa manhaja mai nauyi da rana tsaka nakan ji ya sassauta. Na ɗora shi kan ƙarfen nan mai ɗaga laftof, na juyo masa fankar sola, muna shan iska tare. Amma akwai abin da T480 ba zai taɓa yi maka ba: in kwastoma ya ce yana son manhajarsa a iPhone, dole sai Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajojin iPhone, shi kuwa sai a Mac.

Maman Hanif:
Ku bar faɗan laftof ɗin nan, kullum shi ke nan. Baban Khalifa ka sha ruwan ai, ba mu labarin zubar da mutuncin.

Baban Khalifa:
To Hajiya. Wata makaranta ce ta ba ni aikin fom ɗin rajistar ɗalibai, iyaye su cika daga waya. Lokaci ya ƙure, sai na ce wa mataimakin ya rubuta min abin da zai tantance suna da lambar waya. Kafin in ƙifta ido ya zubo, tsaf-tsaf, har da bayani a gefen kowane layi. Na gwada da Musa Ibrahim, ya wuce. Na gwada da Aisha Bello, ya wuce. Na ɗora a saba na tafi na kwanta.

Washegari ƙarfe tara shugaban makarantar ya kira. Wai iyaye sun cika ofis, fom yana ce musu sunan 'ya'yansu ba suna ba ne. Na buɗe na duba, ashe abin da ya rubuta haruffan A zuwa Z kawai yake karɓa. Duk wani Mu'azu, duk wata Sa'adatu, duk wanda ya rubuta Ɗahiru ko Ƙasimu da lanƙwasa yadda ya kamata, an kore shi daga bakin ƙofa. Wani dattijo har ya ce a tambayi mai kwamfutar ko shi ne ya yanka ragon sunan.

Abin haushin, da na koma na ce masa ga abin da ya faru, nan take ya ba ni haƙuri ya gyara, ya sa tsarin da ke karɓar kowane harafi na Unicode, wato tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya. Wato ya sani sarai. Ni ne ban tambaya ba, shi kuma bai ga dalilin da zai tuna cewa akwai mu a duniya ba.

Maman Hanif:
Wallahi na yi dariya har Hanif ya farka. Amma Malam laifin naka ne, kai da kake Bahaushe ka gwada da Musa da Aisha kawai? Ni ina da jerin sunaye da nake jefa wa duk fom ɗin da na haɗa, na farko a ciki 'Yar'adua ne, don da alamar ɗauri yake farawa.

Kuma tsugune ba ta ƙare ba. Je ka duba wurin bincike. Alamar nan ta Mu'azu ba iri ɗaya ba ce, wata waya miƙaƙƙiya take sakawa, wata lanƙwasasshiya. A ido duk ɗaya ne, a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban. Malamin aji zai nemi Mu'azu a ce babu shi, alhali yana zaune a gabansa. Sai ka mai da su iri ɗaya kafin ka adana. Sannan ka tabbata rumbun bayananka a tsarin haruffa na utf8mb4 yake, in a tsohon tsari na latin1 ka bar shi, ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya.

Nawa abin kunyar kuwa na kuɗi ne. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet da yawa a kwabo suke lissafi, ba a naira ba, naira dubu biyar sai ka tura 500000. Mataimakina ya tura 5000 yadda take. Allah ya taimake ni a wajen gwaji na kama, da kwastoma ta sayar da atamfa a naira hamsin.

Kawu Mai FoxPro:
Yara, sannunku da fama. Ni da na fara wannan aiki a faifan fulofi muke yawo da manhaja, in ka manta yadda ake rubuta wani abu sai ka buɗe littafi mai kaurin tubali. Ba zan ce abin nan ba shi da amfani ba, ƙarya zan yi, ni ma ina taɓawa. Amma kallon yaron shago nake masa. Yaro ne mai zafin nama, ya haddace littattafai, ba ya gajiya, ba ya ƙorafi. Aibinsa ɗaya: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Kuma ba za ka ga alama a fuskarsa ba. Yaron mutum idan yana ƙarya zai sunkuyar da kai ko ya fara in-ina, wannan kuwa da muryar da yake faɗin gaskiya da ita yake faɗin shirme.

Akwai wata cibiya a Amurka, METR, da ta yi gwaji ta fitar a watan Yulin 2025. Ƙwararru 16 aka ɗauka, masu aiki a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Wani aikin a bar su su yi da AI, wani a hana su. Da aka duba agogo, ayyukan da suka yi da AI sun fi cin lokaci da kashi 19 cikin ɗari. Su kuwa da aka tambaye su, cewa suka yi suna jin sun ƙara sauri da wajen kashi 20. Wannan ratar tsakanin abin da mutum yake ji da abin da agogo ya nuna, ita ce take ba ni tsoro.

Ɗan Zazzau:
Kawu da girmanka, amma mutum 16 fa. Kuma mutanen da suka san manhajarsu ciki da bai, da kayan farkon 2025. Ni da aka jefo min tsohon aikin wani da ya gudu ya bari, ba bayani ko layi ɗaya, wallahi mataimakin ne ya zagaya da ni ciki cikin yini guda. Da sai in yi sati biyu ina lalube.

Kawu Mai FoxPro:
Ban ƙi taka ba ɗana. A inda kake baƙo ɗan jagora ne mai kyau. A gidanka kuwa, kai za ka nuna masa hanyar banɗaki.

Sabon Shiga:
Salam manyanmu. Ni ɗalibi ne, aji biyu a jami'a, wata huɗu ke nan da fara koyon Python. Wannan hirar ta ƙara rikita ni. Abokaina suna cewa ɓata lokaci nake, yanzu magana kawai ake yi wa AI ya haɗa komai, wai har suna aka sa wa abin, "vibe coding". In ci gaba ko in nemi wata sana'a? Kuma laftof ɗina mai RAM 4 ne, Windows 10.

Maman Hanif:
Ƙanena ci gaba. Sunan da suke faɗa Andrej Karpathy, wani masanin AI, ne ya ƙirƙiro shi a Fabrairun 2025, kuma shi kansa a kan ƙananan ayyukan wasa na ƙarshen mako ya yi maganar, ba a kan kuɗin makarantar 'ya'yan mutane ba. Ka duba labarin Baban Khalifa da kyau. Ya gano matsalar cikin minti biyar saboda ya iya karanta abin da aka rubuta masa. Da abokanka ne, har yanzu suna can suna roƙon na'ura ta yi haƙuri ta gyara.

Shawarata, wata shida na farko ka kashe abin nan mai ƙarasa maka layi. Ka rubuta da hannunka, ka yi kuskure, ka karanta jan rubutun da ya fito har ka gane me yake cewa. In ka maƙale ka tambaye shi ya yi maka bayani, kada ka ce ya yi maka aikin. Kuma kada ka biya ko sisi yanzu, mataimakin AI na GitHub Copilot yana da na kyauta tun Disambar 2024, ya ishi mai koyo.

Ɗan Zazzau:
Maganar laftof kuma, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma yana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama. Kada ka wahalar da kanka, saka Linux Mint a madadin Windows. In ciki tsohon faifai ne mai juyawa, canza shi da SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, ka ƙara RAM ya kai 8 in da rami. Za ka rantse sabuwa aka ba ka. In ka tashi sayen na hannu nan gaba, kada ka tsaya kan "Core i7" da mai shago zai yi ta nanata maka, tambayi ƙarni na nawa ne.

Sabon Shiga:
Na gode Yaya, na gode Anti. Allah ya ƙara girma.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina ta karatu ina dariya, don duk abin da kuke kuka da shi, namu ya ninka. Ku aƙalla ya san Najeriya. Ni in na ce ya tantance lambar waya, sai na tsaya na karanta masa cewa tamu lamba takwas ce bayan +227. Kuɗinmu kuma sefa ba ta da kwabo, wanda ya ninka da ɗari irin na Hajiya ya kashe kwastoma.

Ga kuma wadda ba na jin akwai na'urar da za ta gane da kanta. Mu a baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. In ɗan kasuwa ya ce ɗari, 500 yake nufi, jika kuma 1000. Na haɗa wa wani mai shago manhajar lissafi, yaronsa ya yi kwana uku yana shigar da abin da bakinsa ke faɗa, ba abin da ke rubuce jikin takardar kuɗin ba. Da maraice lissafi ya ƙi haɗuwa, maigida ya fara zargin yaro da sata. Sai da na zauna a shagon yini guda na gane. Yanzu in ka shigar da adadi, tana nuna maka shi a dala a ƙasa da ƙaramin rubutu.

Sannan ku kuna rubuta 'ya'ya, mu muna rubuta ƴaƴa. In kuna son manhajarku ta tsallako iyaka, ku sa bincikenta ya san abu ɗaya ne.

Baban Khalifa:
Ka ga irinta ko. Bawan Kano ya zo da ilimi yau.

Na Damagaram:
Wa ya ce maka? Tambayi kakanninka su ba ka labari. Ku dai ku riƙa turo mana kuran, wato wutar lantarki, a kan lokaci.

Injiniya Sola:
Tunda an zo maganar wuta bari in sa baki, don ni nake ganin abin da kayanku ke sha. Mutane suna sayen Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, ba sa lissafin cikinsa. Babban farantin nan yana jan wat 75 zuwa 100. In ka bar shi dare da rana a wat 100, ya sha kilowat-awa 2.4 ke nan, ya fi abin da laftof ɗinka zai sha nesa ba kusa ba. Sai mutum ya kira ni wai batirin da na haɗa masa ba shi da kyau. Ƙaramin da ake kira Mini shi ne mai sauƙin ci, wat 25 zuwa 40.

Fawa bank kuma ku daina kallon mAh kawai. Mai 20,000 wajen wat-awa 74 ne a takarda, batirin Air ɗin Baban Khalifa kuma kusan 50 ne, in ka cire asarar da ake yi a hanya caji ɗaya ne da 'yan kai. Ka tabbata an rubuta PD, alamar caji mai ƙarfi ta USB-C, a jiki da yawan wat ɗin da yake fitarwa. Waya ma ba kowace ba, duk abin da ya haura wat 60 sai waya mai ɗan guntun cif a kanta. Da yawa cajarsu lafiya lau take, wayar ɗari biyar ce ta shaƙe ta.

Ɗan Zazzau:
Starlink ɗin nan tun Janairun 2023 ya shigo, Najeriya ce ta farko a Afirka, amma har yau ban ga dalilin da mai zama cikin gari shi kaɗai zai saya ba. Mu dai mu huɗu muka haɗa kuɗi a ofis, a haka yake da ma'ana. A gida ina da layi biyu, in wannan ya yi barci in tashi wancan.

Maman Hanif:
Ni tsadar data da rashin sabis ne suka sa na gwada sauke AI ɗin a kan laftof da wata manhaja mai suna Ollama, ya yi aiki ba intanet. Ƙananan AI ɗin da ake rubuta wa 7B ko 8B da aka matse ba sa wuce gig 4 zuwa 5. Don ƙananan tambayoyin kod ba laifi, kuma bayanan kwastoma ba sa fita daga ɗakina. Amma kada ka yi masa Hausa. Na ce ya rubuta saƙon tunatar da iyaye kuɗin makaranta, abin da ya fito ko mai tallan maganin gargajiya a tasha ba zai faɗe shi ba. Manyan na intanet sun fi shi nesa, duk da su ma Hausarsu wani lokaci kamar Turanci ne ya sa babbar riga.

Af, tunda na ambaci saƙo. Duk mai tura SMS daga manhaja ya sani, saƙo ɗaya haruffa 160 ne, amma da zarar ƙ ko ɗ ɗaya tak ta shiga, ya koma 70. Saƙon da za ka biya kuɗin ɗaya sai ka biya na uku. Firintar rasit ta shago ma yawanci ba ta san su ba. Ina jin ciwon abin, amma a SMS da rasit cire lanƙwasar nake yi, a cikin manhaja in bar ta.

Kawu Mai FoxPro:
Wannan ai ba ƙaramin abu ba ne 'yata. In ka cire lanƙwasa, ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata. Ki dai riƙa karanta saƙon kafin ya fita.

Baban Khalifa:
Kawu ai ta fi mu taka-tsantsan. Ni abin da na lura da shi a wata shidan nan, duk kayan da suka yi min amfani masu arha ne ko tsofaffi, masu ƙyalƙyalin kuwa suna durowa. Ba ni kaɗai ba ne ma. Kun tuna ɗan maɓallin AI ɗin nan na kamfanin Humane da ake maƙalawa a riga, wanda aka ce zai kashe waya? Dala 699 aka sayar da shi a 2024, kafin Fabrairun 2025 ya ƙare an rufe sabarsa, HP ta sayi abin da ya rage na kamfanin a dala miliyan 116. Waɗanda suka saya suka tashi da abin ado.

Kuma kayan da ya fi kowanne yi min aiki ban ma lissafa shi a sama ba, don kunya. Wata tsohuwar itel ce mai RAM 2, fuskarta a tsage, na karɓa a wajen ƙanwata. Duk abin da na haɗa sai ya bi ta kanta kafin ya fita. A Mac komai yana gudu kamar ruwa, a kanta nake ganin abin da mai shago a Kantin Kwari zai gani.

Ɗan Zazzau:
To kibod ɗin da aka kafa wa doka fa? In sayarwa za ka yi ina so, ni gwauro ne, ba mai hana ni ƙara.

Baban Khalifa:
Taya.

Ɗan Zazzau:
Rabin abin da ka saya, kuma ka haɗa min da agogon.

Baban Khalifa:
Albarka.

Sabon Shiga:
Yaya Ɗan Zazzau, na sauke Linux Mint ɗin na saka a filash, amma da na kunna sai ta wuce Windows kai tsaye. Wane maɓalli ake dannawa?

Ɗan Zazzau:
Ya danganta da kamfanin. In Lenovo ce ko Dell, F12 da zarar ka kunna. In HP ce, F9. Kafin ka taɓa komai ka kwashe hotunanka da takardun makaranta ka ajiye a wani wuri. Baban Khalifa, na ƙara dubu biyu.